Ana Muzuru Ana Shaho: Kejin Kaji a Gidajen Bauchi

Bahaushe ya ce zakaran da Allah ya nufa da cara, ana muzuru ana shaho sai ya yi. Gaskiya ne, sai dai ba a faɗa mana 'yan uwansa nawa suka tafi a bakin muzurun kafin shi ya kai ga caran ba. Wannan lissafin mai kiwo ne kaɗai ya san shi. Kaza ta ƙyanƙyashe 'yan tsaki 12, bayan wata guda a ƙirga a ga 4. Ko a sayo na gidan gona 50, a zuba musu abincin da buhunsa ya yi tsadar da kowa ya sani, a wayi gari a tarar da bakwai a kwance, wuya a tsinke. Maganar da ake ji a irin wannan safiya ɗaya ce: "Wallahi da hannuna na rufe su jiya."

An rufe su ɗin kuwa. Matsalar ita ce yawancin kejin da ake haɗawa a gidajenmu an yi su ne don kada kaza ta fita ta yi ɓarna a tsakar gida ko ta shiga gidan maƙwabta. Ba a yi su don hana wani abu shiga ba. Aiki biyu ne daban-daban, kuma na biyun ya fi wuya.

Maƙiyin ma ya danganta da unguwa. A cikin gari, su Jahun da Kobi da Bakaro, inda gidaje suka haɗa bango kuma kwata ta ratsa kowane lungu, ɓera da gafiya da kyanwar da ba ta da mai ita su ne masu ɓarna. A bakin gari kuwa, su Birshi da Gudum da Inkil da Tirwun da Miri, inda ake ta yanka filaye, gida ɗaya sai ya zauna tsakanin kango biyu, ga tarin bulo, ga ciyawa, ga duwatsun da suka kewaye Bauchi ta kowane gefe. A nan sai a ƙara da maciji da tunku da damo da karnuka. Shirwa da hankaka ba su da unguwa, amma sun fi yawa kusa da bola da mahauta.

Kafin a kira kafinta, a fara gane wanda ake faɗa da shi, domin kowanne yana barin shaida. Ƙwai ya ɓace ba ɓawo ba alama, a zargi maciji, don haɗiye shi yake yi ɗungurungum. An ga ɓawo a fashe an shanye ciki, ɓera ne ko hankaka ko kuma kajin da kansu. An kashe da yawa a dare ɗaya, an ciji wuya ko kai, ba a ci naman kirki ba, wannan ya fi kama da aikin tunku da danginsa. Kyanwa takan ɗauki ɗan tsako ta tafi da shi, a ga fukafukai a bayan ɗaki ko kan katanga. Ɓera kuwa yakan ja ɗan tsako zuwa bakin raminsa, a same shi ya maƙale a can. In abin ya rikice, a share kewayen kejin da yamma, a barbaɗa toka mai laushi ko rairayi. Da safe, kafin yara su tattake wurin, a duƙa a duba: sawun kyanwa kewayayye ne ba a ganin farce, na kare da farce, na ɓera ƙanana da layin jela a tsakiya, na maciji kuwa jan ciki ne mai lanƙwasa.

Yanzu sai batun waya, kuma a nan ake yin asarar da ta fi kowacce. Wayar raga ɗin nan mai laushi, mai ido kamar saƙar zuma, ita kafinta zai fara nuna miki. "Hajiya, wannan ta fi araha, kuma ita kowa yake sawa." Bai yi ƙarya ba. Amma idonta yakan kai inci 1 ko fiye, ɓera da ƙaramin maciji suna wucewa ba tare da sun taɓa gefe ba, kare yana yaga ta da haƙori, kuma damina ɗaya ko biyu ta ishe ta yin tsatsa daga ƙasa. Wadda ake so ita ce mai kauri da aka yi wa walda a kowace mahaɗa, mai ido murabba'i na rabin inci. Ƙaramin kusu yana iya kutsawa ta ramin da fensir zai shiga, don haka kejin 'yan tsaki, in da hali, a sa masa mai idon kwata na inci. Wanda kuɗinsa bai kai ya kewaye keji duka da mai kyau ba, ya sa ta a ƙasa zuwa tsayin ƙafa 3, ya ƙarasa sama da mai arahar. Kada kuma a kafa waya da ƙananan ƙusoshi a lanƙwasa kawai. A danne bakinta da siririn katako a buga ƙusa ta kansa, domin ta bakin ake ɓanɓaro ta.

Akurkin ƙasa da iyayenmu suka yi amfani da shi ba abin rainawa ba ne. Bangon laka, ƙofa 'yar ƙarama da ake toshewa da dutse, muzuru ya yi ta kewaya har asuba bai samu hanya ba, kuma a lokacin hunturu yana riƙe ɗumi. Aibinsa shi ne iska ba ta ratsa shi, hannu ba ya kaiwa ciki a share, tsagar bangon kuma ta zama gidan ƙwarƙwatar kaji da kaska. Ya yi daidai da kaji biyar masu yini a waje. Bai dace da wanda zai tsare kaji dare da rana ba.

Ga mai kaji kaɗan a tsakar gida, keji mai ƙafafu ya fi. A ɗaga shi ƙafa 2 zuwa 3 daga ƙasa, yadda tsintsiya za ta shiga kuma ido zai ga ƙarƙashinsa, don duk keji da ya kwanta a ƙasa, ɓera ya samu rufin gida kyauta. Kowace ƙafa a naɗe ta da kwano mai santsi, ko a huda babban gwangwani a kifa shi a jikinta bakinsa na kallon ƙasa, mai hawa ya zo ya ci karo da shi ya koma. Ƙafafun su zauna kan dutse ko siminti saboda gara, wadda ba ta yi wa katakon tu-bai-tu da wasa. Duk wannan ya tashi a banza in an jingina kejin da katanga, ko an bar reshen darbejiya ya sauko kansa, ko an jingina masa turmi da itacen girki. A bar tazara ta kowane gefe.

Wani abu da ba a cika lura da shi ba: in daɓen kejin waya ne, kyanwa da kare sukan shiga ƙarƙashi su kamo yatsun kaji ta cikin raga. Mai gida ya ga kaza tana ɗingishi da jini a ƙafa, ya rasa dalili. Maganinsa a sa farantin kwano mai zaruwa inci 3 ko 4 a ƙasan wayar. Ya tare mai ɓarna, ya tara kashin da za a kai gona ko a sayar wa masu lambu.

In ɗaki ne za a gina a ƙasa, a yi masa daɓen siminti, a ɗora bulo layi 2 ko 3 kafin waya ta fara. Wanda ba zai iya siminti ba, ya haƙa rami zurfin ƙafa 1 a kewaye, ya binne wayar ya lanƙwasa gindinta waje. Mai tono yakan fara ne daga jikin bango, in ya tarar da waya sai ya haƙura. Sai a kula da wurare uku da ake mantawa: tsakanin saman bango da lanƙwasar kwanon rufi, ƙarƙashin ƙofa, da ramin fitar ruwa. Hanyar gwaji mai sauƙi ce. Da dare, kafin a zuba kaji, a kunna tocila a ajiye a ciki, a kewaya daga waje. Duk inda haske ya fito ta wurin da ba waya ba, a gwada da ɗan yatsa. In ya shiga, a toshe.

Kada dai tsoron muzuru ya sa a gina wa kaji tanda. A Maris da Afrilu zafin Bauchi yakan kusanci digiri 40, kaza kuma ba ta gumi, haki kawai take yi baki a buɗe, fukafukai a sake. Kwano tsirara a kan ƙaramin keji yana iya kashe kajin nama masu ƙiba a rana ɗaya fiye da yadda tunku zai kashe a wata. A shimfiɗa zana ko ciyawa a kan kwanon, a juya tsawon ginin daga gabas zuwa yamma don rana ta bi ta kan rufi, a bar rufin ya zarce bango da kamar ƙafa 2 saboda feshin ruwan Agusta. Cunkoso ma zafi ne: keji mai ƙafa 6 da ƙafa 4 kaji masu ƙwai 8 ya dace da su, ba 20 ba. Da hunturu a saki buhu ko tamfol ta gefen da iska ke bugowa, amma a bar sama a buɗe. Masu ɗumama 'yan tsaki da kaskon gawayi su sani hayaƙin da ba a gani yana kashe su a rufaffen wuri, kuma garwashi ɗaya a kan ɓuntun shinkafa ko garin katako ya isa ya tashi gobara.

Na fi son a daɗe a kan ɓera, domin shi ne tushen yawancin masifar. Abincin da ya zube shi ke kiran ɓera, ɓera kuma shi ke kiran maciji. Macijin da aka kashe a ɗakin kaji sau da yawa farautar ɓera ta kawo shi, ya tarar da ƙwai ya zauna. Ga jihar Bauchi kuma akwai abin da ya fi asarar ƙwai. Zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a 1969 a garin Lassa na jihar Borno ta yanzu, ta fitsari da kashin wani nau'in ɓera mai yawan nonuwa yake shiga mutane, kuma shekaru da dama ke nan rahotannin hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa, NCDC, suna sa Bauchi tare da Ondo da Edo a sahun jihohin da cutar ta fi kamari, musamman da rani. Kaza ba ta yaɗa Lassa. Amma kejin da ke tara ɓeraye taku biyar daga madafa, inda ake shanya gari da tsaba, ya kawo haɗarin har bakin tukunya. Saboda haka buhun abincin kaji ya shiga durom ko bokiti mai murfi, a ɗauke ragowar abinci da ruwa in dare ya yi, a kwashe ƙwai kafin magariba. Mataccen ɓera kada a ɗauka da hannu, kada a bar yara su yi wasa da shi, a kwashe da shebur a binne. Zazzaɓin da ya ƙi jin maganin cizon sauro kuma a kai asibiti da wuri. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa yana da sashen kula da masu wannan cuta.

Guba ba ita ce mafita ta farko ba. Maganin ɓeran da ake barbaɗawa a kan abinci, da fiya-fiyar da ake yayyafawa ko'ina, kaji suna tsattsaga, yaro mai rarrafe yana kaiwa baki. Tarko a cikin akwati mai ƙaramin rami ya fi aminci. Baƙin mai da kananzir da tafarnuwa da ake zubawa wai don korar maciji, ni dai ba zan ba mutum shawarar ya kwana da dogaro a kansu ba. Share ciyawa da kwashe tarin bulo da tsofaffin tayoyi sun fi su aiki. Mai ɗaukar ƙwai kada ya zura hannu a duhu. In gamsheƙa ta tofa wa mutum dafi a ido, a wanke da ruwa mai yawa nan take a tafi asibiti. In sara ne, ba tsaga, ba tsotsa, ba ɗaurin da zai tsayar da jini. A kwantar da gaɓar a nufi asibiti, ko da ba a ga jini ba, don dafin kububuwa yakan ɗauki lokaci kafin ya nuna kansa. Asibitin masu saran maciji na Kaltungo a jihar Gombe ya shahara a wannan aiki, amma a fara da mafi kusa.

Shaho da shirwa su ne mafi sauƙi, ko da yake su aka fi zagi. Farfajiyar da kaji ke shan iska a rufe samanta da raga, ko tsohon gidan sauro ma yana taimakawa, kuma 'yan tsaki su zauna a tsare har su yi mako 6 zuwa 8. Rufin yana da wani amfanin: yana raba kaji da tsuntsayen daji da kashinsu. Tun da murar tsuntsaye ta ɓulla a Najeriya a 2006, a wata gona a jihar Kaduna, ta kuma iso Bauchi a shekarar, ba ta daina leƙowa ba. Kazar da aka sayo a kasuwar Muda Lawal ko kasuwar ƙauye a ware ta mako 2 kafin a haɗa ta da na gida. Annobar fakat da ke share kajin gida da hunturu tana da rigakafi, cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom kusa da Jos tana yin sa, kuma ana samu wurin likitocin dabbobi. In kaji suka fara mutuwa da yawa a kwana ɗaya ko biyu ba rauni a jikinsu, wannan ba aikin tunku ba ne. Kada a yanka a ci, kada a ruga da sauran kasuwa, a sanar da ofishin likitan dabbobi.

Saura mai ƙafa biyu, wanda kasuwarsa ke buɗewa gab da Sallah da Kirsimeti. Shi toka takan nuna sawun silifa. Keji ya kasance inda ake jin motsinsa daga ɗakin kwana, ba bayan gida jikin gajeriyar katanga ba. Ƙofa ta samu sakata da kwaɗo, kuma ƙarfen da kwaɗon ke maƙalewa a ɗaure shi da noti mai ratsa katako a matse daga ciki, domin wanda aka buga da ƙusa, da guntun rodi ake ɓalle shi, kwaɗon yana nan a kulle.