Tarin da Ya Wuce Mako Biyu Ba na Roxy Ba Ne

Duk wanda ya san Ajame a birnin Abijan ya san Roxy, inda mata ke baje magani a faranti da kwali, rana na dukansa, ƙura da hayaƙin motocin gbaka na sauka a kai. Ka ce kanka ke ciwo, a ɓallo maka ƙwaya biyu, ka miƙa dala ashirin ka wuce. Ba takardar likita, ba mai tambayarka tun yaushe. A shekarar 2017 hukuma ta ƙone kimanin tan 40 na maganin da ta kwashe a unguwar, amma ba a jima ba farantan suka dawo.

Sun dawo ne domin masu saye suna nan, kuma ba wauta ta kai su ba. Ɗan dako ko mai tura amalanke, idan ya bi layi a asibiti, abincin ranar ya tafi. Da yamma zai koma gidan haya mai tsakar gida ɗaya da makewayi ɗaya, ya kwana da 'yan garinsu biyar ko shida a ɗaki guda, taga a rufe saboda sauro da ɓarayi, kwatami kwance a bakin ƙofa. Irin wannan zama shi ne abin da masanan lafiyar al'umma ke ƙaro karatu a kansa bayan digirin farko, kuma cibiyar ƙasa ta wannan fanni, INSP, tana cikin Ajamen kanta. Tun 2008 wani kwamitin Hukumar Lafiya ta Duniya, ƙarƙashin Michael Marmot, ya nuna cewa muhalli da sana'a da abin hannun mutum suna yanke masa hukuncin lafiya tun kafin ya ga likita.

To, amma ciwo ba ya jiran a gyara unguwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2017 cewa a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita, kusan magani ɗaya cikin goma jabu ne ko marar inganci. Ko na gaske ne, zafin rana na kashe masa ƙarfi. Mafi muni shi ne tari. Mutum ya yi ta shan kafso daga Roxy, tarin ya lafa ya dawo, yana ramewa, yana gumin dare, alhali tarin fuka ne, kuma abokan kwanansa na shaƙa. Idan tari ya wuce mako biyu, a nufi cibiyar tarin fuka, wadda aka fi sani da CAT. Akwai a Ajame, akwai a Tireshbil. Za a gwada majina, maganin kyauta ne, ana shan sa wata shida. Wanda ya ji sauƙi a wata na biyu ya ajiye, yana iya jawo wa kansa irin tarin da ba ya jin magani.

Sai katin inshorar lafiya na CMU, wanda 'yan uwanmu da yawa ke zaton na 'yan ƙasa ne kaɗai. Ya shafi duk mazaunin Kodebuwa, har baƙo. Jika ɗaya ake biya a wata ga mutum guda, kuma a asibitocin da ke cikin tsarin, inshora na ɗaukar kashi 70 cikin ɗari na kuɗin da ta amince da shi. Masu gidajen baƙi da limaman unguwa, ku da ake jin maganarku, ku riƙa tambayar sabon zuwa ko ya yi rajista.