Wasan Mummers

Wasan Mummers wasan kwaikwayo ne na gargajiya da ake yi a Birtaniya da Ailan, musamman a lokacin Kirsimeti. 'Yan wasan, galibi maza, sukan ɓad da kama su bi gidaje da mashaya suna wasa da waƙa, ana ba su kuɗi ko abinci.

A yawancin wasannin, Waliyyi George kan gwabza da wani jarumi har ɗayansu ya mutu, sai wani likita mai cika baki ya tayar da shi. Al'adar ta ja baya sosai bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, amma a garin Marshfield na Ingila har yanzu ana yin wasan kowace ranar 26 ga Disamba, 'yan wasa sanye da rigunan yankakkun takardu.