Yadda Ake Gano Tarihin Manyan Laifukan Mutum a Amurka

Fina-finai sun sa mutane da yawa suna zaton a Amurka akwai wata kwamfuta guda da za ka rubuta sunan mutum a ciki, nan take ta zayyano maka duk ta'asar da ya taɓa yi. Rumbu mai kama da haka akwai shi a hannun hukumar FBI tun 1967, amma na jami'an tsaro ne, farar hula ba ya leƙa shi. Uban da wani mazaunin Houston ya aiko neman auren 'yarsa, ko ɗan kasuwar da zai tura wa dillalin motoci kuɗi a Shikago, in yana son sanin ko mutumin ya taɓa shiga hannu, hanyarsa daban ce, kuma daga kotun gunduma take farawa.

A tsarin shari'ar Amurka laifi kashi biyu ne a dunƙule. Babban laifi shi ne wanda hukuncinsa zai iya wuce ɗaurin shekara ɗaya, kamar kisa, fashi, fyaɗe, safarar ƙwayoyi da damfara mai yawa. Abin da bai kai haka ba ƙaramin laifi ne. Kowace jiha da nata ma'aunin: satar da wata jiha ta ɗauka ƙarama, maƙwabciyarta na iya sa ta cikin manya, domin adadin kuɗin da ke raba su ba ɗaya ba ne. Wanda kotu ta samu da babban laifi yakan rasa damar riƙe bindiga, a wasu jihohi ya rasa ƙuri'arsa na wani lokaci, in kuma baƙo ne ana iya tasa ƙeyarsa zuwa ƙasarsu.

Yawancin waɗannan shari'o'i kotunan jiha ne ke yin su, kotunan kuwa suna zama ne a gunduma-gunduma. Ƙasar tana da gundumomi sama da 3,000. Jihar Teksas kaɗai tana da 254, Delaware kuwa 3 kacal. Fayil ɗin kowace shari'a yana ofishin magatakardar kotun gundumar da aka yi ta. Saboda haka tambayar farko ita ce: a ina da ina mutumin ya taɓa zama? Wanda ya yi shekara goma a gundumar Cook, inda Shikago take, sannan ya koma Houston, ba za ka ga komai nasa a gundumar Harris ta Houston ba ko da ya yi zaman kaso a can baya. Ita kanta Houston ta tsallaka cikin gundumomin Fort Bend da Montgomery, don haka sunan gari kaɗai ba ya wadatarwa. Sunan kotun ma yakan ruɗa baƙo. A birnin Niyok kotun da ake kira Kotun Ƙoli ita ce ke sauraren manyan laifuka tun daga tushe, akwai wasu kotuna a samanta.

Duba fayil ɗin haƙƙin kowa ne. Kotun Ƙolin Amurka ta amince a 1978 cewa jama'a na da damar duba takardun kotu, a 1980 kuma ta yanke cewa shari'ar laifi a bainar jama'a ake yin ta. Ba sai kai lauya ne ba, kuma galibi ba a tambayarka dalili. Wasu jihohi kamar Wisconsin, Maryland da Pennsylvania sun sa jerin shari'o'insu a intanet kyauta. Wasu wuraren kuwa sai an je da ƙafa, a zauna gaban kwamfutar da aka ajiye wa jama'a a harabar kotu, ko a aika wasiƙa da kuɗin bincike. Tsofaffin shari'o'i sukan kasance a takarda cikin ma'ajiya. In takardar za ta je gaban wata hukuma ne, a nemi kwafi mai hatimin kotu.

Samun sunan shi ne mai sauƙi, karanta abin da aka samu ne aikin. Kamu daban, tuhuma daban, hukunci daban. Mutum na iya bayyana da tuhumar babban laifi a layin farko, amma can ƙasa ka tarar mai gabatar da ƙara ya janye, ko alƙali ya kori ƙarar, ko masu taya alƙali hukunci sun wanke shi. Sama da kashi 90 cikin 100 na hukuncin laifi a Amurka ta hanyar sasantawa ake samunsu: wanda ake tuhuma ya amsa laifi, a saka masa da sassauci, sau da yawa a mayar da babban laifi ƙarami. Wanda ya tsaya a layin farko ya rufe shafin, ya ɗora wa mutum abin da kotu ba ta ɗora masa ba. A nemi layin da ya nuna yadda shari'ar ta ƙare, da ranar, da hukuncin.

Sai matsalar suna, wadda ta fi cin mutanenmu. Kotu da suna da ranar haihuwa take bincike, ba da zanen yatsu ba. Muhammad Ibrahim nawa ne a unguwar Bronx ta birnin Niyok? Ga shi ana rubuta sunan Mohammed, Muhammad, Mohamed ko Mamadou, gwargwadon ƙasar da ta ba da fasfo, ga tarin mutanen da aka rubuta wa 1 ga Janairu a matsayin ranar haihuwa saboda ba a san ainihin ranar ba. Ta nan ake jingina wa mai gaskiya laifin wani, ta nan kuma mai laifi ke sulalewa saboda harafi ɗaya. Ofishin kula da kotunan jihar Niyok yana karɓar dala 95 don binciken jiha baki ɗaya, kuma sai suna da ranar haihuwa sun dace daidai da yadda ka rubuta. Kowane sabon rubutun suna, sabon kuɗi.

Jihohi ma suna da rumbunansu na tsakiya da 'yan sanda ke riƙewa. Filorida da Michigan suna sayar wa kowa bincike a intanet, Kalifoniya kuwa ba ta buɗe nata ga jama'a. Laifukan tarayya, irin su zambar intanet da ta tsallaka jihohi ko laifukan shige da fice, ba sa fitowa a kotun gunduma sam. Suna kotunan tarayya 94, ana duba su a shafin PACER a kan santi 10 kowane shafi, kuma wanda abin da ya kashe bai wuce dala 30 cikin wata uku ba, an yafe masa. Hukumar gidajen yarin tarayya tana da shafin neman fursunoni daga 1982 zuwa yau, akwai kuma shafin ƙasa na waɗanda aka hukunta kan laifin lalata, dukansu kyauta.

Cikakken tarihin da FBI ke tarawa da zanen yatsu, mai shi kaɗai zai iya nema, a kan dala 18. 'Yan jarida sun taɓa ƙoƙarin karɓar na wani ta dokar 'yancin samun bayanai, Kotun Ƙoli ta hana a 1989. Hujjar Mai Shari'a John Paul Stevens ita ce akwai bambanci mai girma tsakanin bayanan da ke warwatse a kotuna, waɗanda sai an sha wahala a tattara, da taƙaitaccen tarihi guda da ke cikin kwamfuta. Wato wahalar neman ita kanta wani nau'in rufin asiri ce. Shi ma wannan rumbun ba cikakke ba ne: rahoton Ma'aikatar Shari'a na 2006 ya nuna kusan rabin bayanan kamun da ke cikinsa babu labarin yadda shari'ar ta ƙare.

Kamfanonin da ke tallar bincike cikin minti ɗaya sun rushe wancan rufin asirin, amma ni ban ga dalilin dogara da su ba. Bayanai suke saye jumla, wasu sun tsufa, wasu gundumomin ma ba sa ciki. Rahotonsu in ya fito fari fat ba shaida ba ce, in kuma ya fito da wani abu, sai an koma kotun an tabbatar. Mai ɗaukar ma'aikata da ke amfani da su, dokar tarayya ta 1970 ta wajabta masa karɓar izinin mai neman aikin a rubuce, kuma ya ba shi kwafin rahoton kafin ya hana shi aikin a kansa.

Wasu bayanan doka ce da kanta ta rufe su. Shari'ar yara galibi a killace take. Pennsylvania ta fara dokar rufe tsofaffin laifuka kai tsaye a 2018. A Niyok, dokar da ta fara aiki a Nuwamba 2024 ta tanadi rufe babban laifi bayan shekara 8 da fitowar mutum in bai sake aikata wani ba, ban da kisa da laifukan lalata.

Ga iyayen da ke binciken aure akwai wata ƙofa da ba kowa ya sani ba. Tun bayan dokar 2005, Ba'amurken da ya nema wa wadda zai aura biza dole ya bayyana hukuncin da aka taɓa yi masa kan dukan iyali, cin zarafin yara, fyaɗe, garkuwa da mutane ko kisa. Hukuma tana yin nata binciken, kuma ana sanar da yarinyar abin da aka samu kafin a ba ta bizar. Wannan bai shafi auren da aka ɗaura a gida ba tare da an bi ta wannan biza ba. A irin wannan hali waliyyi na iya cewa manemin ya nemo tarihinsa daga FBI da kansa ya kawo, kamar yadda ofishin jakadancin Amurka ke neman takardar shaidar hali ta 'yan sanda daga duk ɗan Najeriya ko Nijar da zai koma can da zama.