Saye ko haya: Abin dubawa kafin a sayi gida a Tarauni

A duk lokacin da wa'adin haya ya ƙarato, magidanta da dama a birnin Kano kan sami kansu a gaban tambaya guda: shin za a ci gaba da biyan kuɗin haya ne shekara-shekara, ko kuwa a tattara abin da aka mallaka a sayi gida?

Tambayar ta fi nauyi a unguwanni irin su Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni da Hausawa da Darmanawa, inda mutane ke rububin zama, filin da ba a gina ba kuma ya yi ƙaranci.

Ƙidayar jama'a ta 2006 ta nuna cewa ƙaramar hukumar Tarauni na da mutane fiye da dubu 220, a yankin da faɗinsa bai wuce murabba'in kilomita 28 ba. Tun daga wancan lokaci jama'a sai ƙaruwa suke yi.

Abin da ke jawo mutane a fili yake. A nan Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano yake, wanda aka kafa a 1988, ga kasuwar Tarauni, ga kuma hada-hadar titin Zariya da titin Maiduguri da titin Gidan Zoo. Ma'aikacin lafiya ko ɗan kasuwar da ke zaune a yankin ya huta da doguwar tafiya, abin da ya ƙara daraja tun bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023.

To sai dai farashi da kyan wuri ba su isa a yanke shawara ba. Akwai tambayoyi uku da suka riga su: wace takarda gidan yake da ita, da wane irin kuɗi za a saya, kuma shekara nawa mai saye zai zauna a ciki?

Takarda kafin gini

A ƙarƙashin dokar amfani da filaye ta 1978, dukkan ƙasar da ke cikin jiha tana hannun gwamna ne a matsayin amanar jama'a. Abin da mutum yake samu shi ne izinin zama da amfani da fili, galibi na tsawon shekaru 99, kuma shaidarsa ita ce takardar mallaka da aka fi sani da C of O.

Dokar ta tanadi cewa sai da amincewar gwamna za a sayar da irin wannan fili ko a jinginar da shi. Ta kuma bai wa gwamna ikon soke izinin idan akwai buƙatar jama'a, tare da biyan diyyar abin da aka gina a kai.

A nan ne bambanci tsakanin awon gwamnati da awon igiya yake fitowa. Filin awon gwamnati an tsara shi, an fitar masa da titi da magudanar ruwa, an kuma ba shi lamba. Na awon igiya kuwa asalinsa gona ce da mai ita ya yanyanka ya sayar, kuma sau da yawa shaidarsa ba ta wuce takardar ciniki mai sa hannun shaidu da hatimin mai unguwa ba.

Wannan takarda tana da amfani wajen tabbatar da cewa an yi ciniki, amma ba ta kai matsayin takardar gwamnati ba, kuma da wuya banki ya karɓe ta a matsayin jingina.

Shi ya sa lauyoyi kan shawarci mai saye ya binciki asalin fili a hukumar KANGIS, mai adana bayanan filayen jihar, ya kuma tabbatar da izinin ginin a hukumar tsara birane ta KNUPDA, tun kafin ya ba da kafin alƙalami.

Abin da ya faru a watan Yunin 2023 ya nuna girman haɗarin. A lokacin ne gwamnatin Abba Kabir Yusuf ta rushe wasu gine-gine, ciki har da na tsohon otal ɗin Daula da shagunan Filin Idi, bisa hujjar cewa an yi su ne a filayen jama'a da gwamnatin da ta gabata ta raba ba bisa ƙa'ida ba. Masu gine-ginen sun ce suna da takardu, lamarin ya kai gaban kotu.

Darasin shi ne, bayan ganin takarda, wajibi ne a san tarihin filin. Wurin da a da makaranta ne, ko maƙabarta, ko hanyar ruwa, yana iya jawo rigima ko bayan shekaru.

Gidan gado

Da yawa daga cikin gidajen da ake sa wa kasuwa a tsofaffin sassan Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni na gado ne. Sau da yawa sukan zo da sauƙin farashi, saboda magada na son a raba kowa ya kama gabansa.

Amma cinikin ba ya kammaluwa sai da yardar dukkan magada, maza da mata, na kusa da waɗanda ke wata ƙasa. Idan akwai marayu ƙanana, sai an bi ta hannun waliyyinsu ko kotun Shari'a.

Akwai kuma batun shufu'a. A mazhabar Malikiyya, idan ɗaya daga cikin waɗanda suka yi tarayya a gidan da ba a raba ba ya sayar da kasonsa ga bare, abokin tarayyarsa na da ikon biyan kuɗin da aka saya ya karɓe kason. Wanda ya sayi kason magaji guda yana iya wayar gari a mayar masa da kuɗinsa, bayan darajarsu ta riga ta ragu.

Da wane kuɗi?

Mafi yawan cinikin gidaje a Kano da kuɗi hannu ake yin sa, domin rancen sayen gida bai yaɗu a Najeriya ba.

A 1992 ne aka kafa Asusun Gidaje na Ƙasa, wanda ma'aikata ke zuba kashi 2.5 cikin 100 na albashinsu a ciki. Bankin lamunin gidaje na tarayya, FMBN, kan ba masu zubin rance da kuɗin ruwa na kashi 6 cikin 100, a biya cikin shekarun da za su iya kaiwa 30.

Na bankunan kasuwanci ya fi wannan tsada nesa ba kusa ba. A ƙarshen 2024 Babban Bankin Najeriya ya kai ma'aunin kuɗin ruwansa kashi 27.5 cikin 100, bankuna kuma sukan ɗora nasu a kai.

Ga Musulmi da dama, matsalar ta wuce yawan ruwan ko ƙarancinsa, tunda riba haramun ce. Wannan ne ya sa wasu ke komawa ga bankunan da ba sa mu'amala da kuɗin ruwa, kamar Jaiz da ya fara aiki a 2012 da rassa a Abuja da Kaduna da Kano, da TAJBank da ya biyo baya a 2019.

A tsarin murabaha, banki ne ke sayen kadara ya sayar wa mutum da ribar da aka yanke tun farko, a biya kaɗan-kaɗan. A tsarin ijara kuwa mutum na biyan haya ne har gidan ya koma hannunsa. Kowanne daga cikinsu yana da tsadarsa, kuma yana buƙatar ingantacciyar takarda.

Ga ɗan kasuwa akwai wani lissafin daban. Idan ya kwashe jarinsa ya zuba a gida, ya samu wurin kwana amma ya rasa abin juyawa, gida kuma ba ya sayuwa cikin mako guda idan buƙata ta taso.

Lissafin haya

Hanya mai sauƙi ita ce a raba farashin gida da kuɗin hayarsa na shekara. A misali, gidan da aka yi wa kuɗi naira miliyan 40, alhali ana hayar irinsa miliyan 2, sai bayan shekaru 20 hayar za ta mayar da kuɗinsa. A kan wannan za a ƙara la'adar dillali da kuɗin lauya da na rajistar takardu da gyare-gyare.

A ɗaya ɓangaren kuma, ajiye kuɗi ma asara ce a lokacin tsadar rayuwa. Hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ce hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin 100 a watan Disambar 2024. Buhun siminti da ake sayarwa kusan naira dubu 5 a tsakiyar 2023 ya haura dubu 10 a wurare da dama a farkon 2024.

Wannan ne ya ƙarfafa imanin da jama'a suka daɗe da shi cewa ƙasa ba ta faɗuwa. To amma a ƙasar Ireland, maƙwabciyar Birtaniya, farashin gidaje ya faɗi da kimanin rabi tsakanin 2007 da 2013, mutane da dama suka koma ana bin su bashin da ya fi darajar gidajensu. A Najeriya farashi kan hau a lissafin naira, amma mai aiko da kuɗi daga ƙasar waje yana iya ganin darajar gidansa ta ragu idan ya auna ta da dala, kamar yadda aka gani bayan faɗuwar naira a 2023.

Sashen bene ko gida sukutum?

Ƙarancin fili ya sa benaye masu sassa da yawa na ƙaruwa a yankin, amma galibi don haya ake gina su. Sayen sashe guda yana da wahalarsa, saboda takardar mallaka kan kasance ta filin ce gaba ɗaya. Dole a rubuta a fili wane ne zai gyara rufi, da rijiyar burtsatse, da ramin bahaya, da kuma yadda za a raba kuɗin.

Akwai kuma batun sutura. Iyalin da suka saba da zaure da tsakar gida kan takura idan suka haɗa matakala da ƙofa da wasu, kuma ba a iya ƙara ɗaki idan iyali suka yi yawa.

Wasu kan zaɓi fita bayan gari, inda kuɗin ɗan ƙaramin gida a Tarauni zai sayi babba. Sai dai rukunin gidajen Kwankwasiyya da Amana da Bandirawo, waɗanda gwamnatin jihar ta gina tsakanin 2011 da 2015, sun nuna cewa gini kaɗai ba ya jawo mazauna, domin da yawa daga cikin gidajen sun shafe shekaru babu kowa a ciki.

Kafin a biya

Gani ya kori ji. Yana da kyau mai saye ya ziyarci gidan a tsakiyar damina, ya ga inda ruwa ke bi, ya tambayi maƙwabta ko famfo na zuwa ko sai an sayi ruwa a wajen 'yan garuwa, ya kuma bincika ko akwai tsohon bashin wutar lantarki a kan gidan.

Wanda ya tabbatar da takarda, yake da kuɗin da ba za su durƙusar da sana'arsa ba, kuma yake da niyyar zama na shekaru masu yawa, saye ya fi masa alheri.

Wanda kuwa aikinsa ke iya ɗauke shi zuwa wani gari, ko ya ga alamar tambaya a kan takarda, ƙara shekara guda a gidan haya ya fi masa sauƙi a kan shekaru yana zarya a kotu.