Damina Ba Ta Jiran Sa Hannun Manaja

A ƙasar Bauchi ruwan shuka yakan sauka ne tsakanin watan Mayu da Yuni, kafin Oktoba ya ƙare kuwa ya ɗauke. Manajan da ke gina ofis in ya makara da wata guda, wata guda ya yi hasara. Amma wanda aka danƙa wa raba iri da takin zamani, in ya makara da mako uku, to, shekara ce sukutum ta tafi, kuma manomi ne zai kwana da rumbu wayam.

Wannan shi ne darasin da ya fuskanci Shirin Bunƙasa Aikin Gona na Jihar Bauchi, wanda aka kafa a 1981 da rancen Bankin Duniya, hedkwatarsa a birnin Bauchi. Kafin nan an gwada irinsa a Gombe, wadda a lokacin ba ta zama jiha ba, tare da na Funtuwa da Gusau, tun wajen 1975. Da aka faɗaɗa shi ya game jiha baki ɗaya, sai aiki ya yi yawa: ga hanyoyin karkara, ga rijiyoyin burtsatse, ga cibiyoyin sayar da taki, ga malaman gona barjat. Masana ƙasa da injiniyoyi akwai su, amma sanin taki daban, sanin yadda za a sa ya iso ƙauye kan kari daban. Irin wannan giɓi ne ya sa aka buɗe makarantar ARMTI a Ilori a 1980, don horar da manajojin irin waɗannan shirye-shirye.

Abin da ya kamata a fara cusa wa irin wannan manaja shi ne ƙidaya da baya. Wato ya sa yatsa a kan ranar shuka, sa'an nan ya komo: yaushe taki zai kasance a sito, yaushe motoci za su ɗauko shi daga tashar jirgin ruwa, yaushe za a sa hannu a takardar kuɗi. Da ya yi haka sai ya tarar takardar da ke kwance a teburinsa cikin sanyin Disamba, wadda yake gani ba ta da gaggawa, ita ce ke riƙe da damina. Hausawa sun riga sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Haka kuma hanya da kwalbati aikin rani ne; wanda ya bar su har hadari ya haɗu ya ba laka kuɗin jama'a.

Sai kuma abin da ya fi wuya, wato manaja ya mallaki yininsa. A wajenmu babba ba ya korar baƙo, ga gaisuwa, ga ta'aziyya, ga taro kan taro. Wannan mutunci ne, ba abin zubarwa ba, sai dai wanda bai keɓe sa'o'in aiki ba, kuma bai yarda mataimakinsa ya yanke ƙaramin hukunci ba, zai ga fayil ya kwana bakwai yana jiran dawowarsa daga rangadi.

A tsakiyar shekarun 1980 shirye-shiryen gona na Nijeriya suka rungumi tsarin horo da ziyara, wanda Daniel Benor ya tsara, Bankin Duniya kuma ya yaɗa shi daga Indiya zuwa Afirka. Ƙashin bayansa jadawali ne. Malamin gona yana da rukunonin manoma, galibi takwas, kowanne da ranarsa tsayayya cikin mako biyu, sa'an nan ga rana guda da shi kansa zai zauna a koya masa abin da ya dace da makonnin da ke tafe. Manomi ya san ran da zai ga malami, shugaba kuma ya san ƙauyen da zai same shi in ya fita bincike ba sanarwa.

Tsarin yana da tsada, don babur sai da mai, malami sai da alawus. Da rancen Bankin ya ƙare a shekarun 1990, jihohi da dama suka kasa riƙe shi, ziyarar mako biyu ta koma ta wata-wata, a wasu wurare ma ta tsaya cik.