Takin garka da lafiyar kare

In kaka ta wuce, sanyi ya shigo, sai aikin garka ya tashi. A Jiratawa kusa da Maraɗi, da Mirriya kusa da Damagaram, da Galmi a jihar Tawa, mutane suna shuka albasa da tumatir da salati da shu. Makarantu da yawa su ma suna da tasu garka. Sau da yawa mai garka yana da kare. Kare yana gadi da dare, yana korar awaki da rana. Amma kare ba ya tambaya kafin ya ci abu. Abin da hancinsa ya so, shi bakinsa yake ɗauka. Saboda haka mai garka yana bukatar sanin takin da zai gyara shukarsa ba tare da ya cuci karensa ba.

Abincin shuka

Shuka tana cin abinci ta saiwoyinta. Manyan abincinta uku ne. Azot yana sa ganye ya yi kore shar. Fosfor yana ƙarfafa saiwa. Potas yana taimakon ƴaƴa, yana ƙara wa shuka ƙarfin jure cuta. In ƙasa ta gaji, taki ne yake maido mata waɗannan abubuwa. Taki iri biyu ne: na gargajiya da na zamani.

Takin gargajiya

Kashin shanu da na awaki da na tumaki da na kaji duk taki ne. Ɗanyensa yana ƙona shuka, yana ɗauke da ƙwayoyin cuta, kuma warinsa yana jawo kare. Shi ya sa ake gina rami. A zuba kashin bisashe da kara da ganye da toka mai sanyi, a yayyafa ruwa, a rufe. Ana juya shi bayan kowane sati biyu. Bayan wata biyu ko uku sai ya ruɓe, ya yi baƙi, ya yi ƙanshin ƙasar da ruwa ya jiƙa. Wannan shi ne takin da ya fi dacewa da garkar da kare yake shiga.

Amma ramin kansa yana bukatar tsaro. Ba a zuba ragowar tuwo ko nama a ciki. In abinci ya yi funfuna, akwai irin da yake sa kare karkarwa har ya faɗi. Ruɓaɓɓiyar albasa ma a binne ta da zurfi, don albasa mai yawa tana ɓata jinin kare. Kashin kare kuwa ba a sa shi cikin taki ko kaɗan. Yana iya ɗauke da ƙwan tsutsotsi masu kama mutum.

Taki mai yaudarar hanci

Ana yin wani taki da garin ƙashi, ko busasshen jinin mayanka, ko garin kifi. Shuka tana son sa. Kare ma yana son sa, don a hancinsa nama ne. Sai ya tone fangali ya ci. Garin ƙashi yana iya dunƙulewa a cikinsa ya toshe hanji. Busasshen jini yana kawo amai da zawo.

Wanda ya fi su haɗari shi ne tunkuzar zurma, wato abin da ya rage bayan an matse man ƴaƴan zurma. A wasu ƙasashe ana sayar da ita a matsayin taki. Tana iya ɗauke da dafi mai kisa, kuma ta kashe karnuka. Mai kare ba ya kai ta garkarsa.

Takin zamani

Ana sayar da shi cikin buhu, galibi mai kilo 50. Akwai wanda aka rubuta wa 15-15-15. Lambobin suna nuna cewa azot da fosfor da potas suna ciki daidai wa daida. Akwai kuma ire, fari mai ƙananan ƙwayoyi. A cikin kilo 100 na ire, kilo 46 azot ne.

In kare ya lashi ɗan kaɗan, yakan yi dalala ko amai ko zawo, ya warke. In ya yaga buhu ya ci da yawa, ko ya sha ruwan da aka narkar da takin, to ciwon ya yi tsanani. Ire ya fi cutar awaki da tumaki da shanu. Cikin tumbinsu yana rikiɗa da sauri ya zama guba. Akuyar da ta ci da yawa tana iya mutuwa a ranar. Takin da aka gauraya da maganin ƙwari kuwa ya fi kowane haɗari, don maganin ƙwari guba ne ga kare da mutum duka. Kafin a saya, a karanta rubutun buhu. In ba a gane ba, a tambayi malamin gona.

Dokokin mai garka

1. A ajiye buhu a mangaza, bisa katako, a kulle ƙofa.
2. A ɗaure kare ranar zuba taki.
3. A binne taki cikin ƙasa, kada a bar shi a fili.
4. A ba da ruwa sosai don ya narke ya shige.
5. Kada a saki kare sai ƙasa ta bushe, gwamma a jira gobe.
6. A ajiye masa ruwa mai tsabta a inuwa, don kada ƙishirwa ta kai shi ga arozuwar.
7. Kada a sa abinci ko ruwan sha cikin buhu ko kwanon da taki ya taɓa.
8. A gyara shinge, a wanke hannu da sabuni bayan aiki.

In kare ya ci taki

Alamun su ne dalala, amai, zawo, karkarwa da rashin ƙarfi. Yaron da ya ga haka ya kira babba nan da nan. Kada ya sa hannu a bakin kare, don kare maras lafiya yana cizo ko da ya san mutum. A janye sauran takin. A wanke masa ƙafafu, a ajiye masa ruwa. Kada a ɗura masa gishiri don ya yi amai, gishiri mai yawa shi ma yana kisa. A gaggauta kai shi wurin likitan bisashe, a tafi da buhun don likita ya san abin da ya ci. Rigakafi dai ya fi magani.

Tambayoyi

1. Waɗanne ne manyan abincin shuka uku?
2. Me ya sa kare yake tonon garin ƙashi?
3. Don me ba a sa kashin kare cikin taki?
4. Wane taki ne ya fi cutar akuya?

Aiki: a je garkar makaranta, a duba inda aka ajiye taki, a zana wurin cikin littafi.