Bayani A Kan Raya Tsohon Basukur Da Sake Masa Ƙafafu

Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, kuɗin mota da na babur suka hau, mutane da dama a Dutsin-Ma da Kurfi suka waiwayi dokin ƙarfe. Ɗan koli mai bin kasuwannin ƙauye, da mai lambu a bakin dam ɗin Zobe, da malami mai zuwa ɗaurin aure, kowa ya tuna akwai tsohon basukur na mahaifi jingine a zaure, ƙura ta rufe shi. Da tsohuwar zuma ake magani, amma sai an san yadda za a ɗebo ta.

Mafi daraja cikin waɗannan shi ne Raleigh, wanda ake kira Rali, mai tambarin kan zalɓe a goshi. Asalinsa birnin Nottingham ne na Ingila, inda aka fara ƙera shi tun kafin 1890, aka daina a 2002. Saboda karɓuwarsa a ƙasar nan har masana'anta aka yi masa a Kano. Gangar jikinsa ƙarfe ne mai ƙwari. In dai bai tsage ba, bai tanƙware ba, to, tsatsar sama ba ta kashe shi. A goge da kananzir da samfefa, a wanke boris, a sa sabon giris. Kada kuwa a zubar da tsofaffin notina, domin zaren Rali 26 ne a inci guda, na galibin sauran kekuna 24, sabo ba ya ɗauruwa sai ya ci zaren.

Inda ake asarar kuɗi shi ne wajen ƙafafu. 'Yan kasuwa sun sani mudu suna ne guda, amma na wannan gari ba lalle ya yi daidai da na wancan ba. Haka lambar taya take. Tsohon Rali babba, da irinsa Phoenix na Sin da Hero na Indiya, suna cin taya 28 x 1½. Cikin kekunan gwanjo da ke shigowa daga Turai akwai masu taya wadda ita ma aka rubuta mata 28, alhali ba ɗaya suke ba. Ma'auni na gaskiya yana nan a gefen tayar, lambobi biyu da ɗan layi a tsakani. Ta farko faɗin taya ce, ta biyu faɗin bakin rim, watau da'irar ƙarfen da taya ke zama a kai, duka da milimita. Na Rali 635 ne, na gwanjon nan 622. Tsofaffin kekunan tsere masu inci 27 kuwa nasu 630. Taya mai 622 ba ta hawa rim mai 635 ko an yi da ƙarfi, mai 635 kuma ba ta zama a kan 622, da an sa iska za ta ƙwace. Saboda haka mai saye ya karanta lamba ta biyu kafin ya miƙa kuɗi.

Wani kan so ya sake rim ɗin ɗungurungum, ya sa na alminiyam mai 622 domin ya fi sauƙin nauyi. Ya sani birkin Rali na sanda ne, yana jan roba sama ta kama cikin rim, shi ya sa aka yi rim ɗinsa da faffaɗan ciki. Sabon rim an yi shi ne don birkin waya mai matse gefe. Wanda ya sauya ƙafa bai sauya birki ba, ya hau abin da ba shi da linzami. Har wa yau a ƙidaya hudojin cibiyar ƙafa, domin tsofaffin na Ingila sifok 32 gare su a gaba, 40 a baya inda nauyi yake, na yanzu galibi 36 ne gaba da baya.

Abin da ya fi ga mai ɗaukar kaya shi ne ya bar keken a kan awonsa na asali. In rim bai ruɓe ba, mai gyara ya sake sifok da suka karye, ya ɗaure su sannu sannu yana juya ƙafa har ta daina rawa. A shimfiɗa roba a cikin rim don kada kan sifok ya huda tif. A zaɓi taya mai kauri saboda tsidau da ƙayar hanyoyin gona, a cika ta da iska yadda ya kamata, domin taya mai laushi a ƙarƙashin buhu ita ke cizon tif. Araha ba ta ado: taya mai kyau guda ta fi faci goma a rana tsaka tsakanin Kurfi da Dutsin-Ma.

Basukur da aka yi wa wannan hidima ba ya cin dawa, ba ya shan fetur, kuma zai kai ɗa kasuwa kamar yadda ya kai uba. Iyakar bayani ke nan. Tamat.